Kakar da Na'ura Ta Ƙi Yatsan Sirajo

Makon nan aka buɗe makaranta, kuma kamar kullum sashenmu na kwamfuta shi ya fara shan jama'a. Kafin sabon ɗalibi ya san ƙofar ajinsa sai ya biyo ta tagarmu: mu buɗe masa imel, mu ba shi kalmar sirri, mu ɗauki hotonsa, sannan ya ɗora babban yatsansa a kan na'ura ta gwada shi da wanda ya bayar ranar jarrabawar shiga. In sun dace, ya zama ɗalibi. In ba su dace ba, ko shugaban makaranta ne kawunsa, shafin da ke Abuja ba zai karɓe shi ba.

Jiya da hantsi wata yarinya ta tsaya tana yi mini ƙorafi wai intanet ɗin ɗakin kwanansu ba ya sauri. Ina cikin ba ta haƙuri wani saurayi ya ɗora yatsa, na'ura ta nuna ja. Na jawo durowa na fito da gwangwanin man kaɗe. Yaran da aka ɗauka aiki bara suka soma ƙunshe dariya, don sun daɗe suna tsokanata wai Malam Lawali ya haɗa boko da wanzanci. Na bar su da dariyarsu. Ƙamshin man nan yana bugun hancina sai ga ni a kakar shekarar da aka kashe layin waya a jihar nan.

Wanda bai zauna Ƙaura a lokacin ba, zai ɗauka ƙari nake yi. An wayi gari wayar kowa ta zama tocila. An rufe kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka, motocin itace suka daina shigowa. Matata Zainabu ta koma hura wuta da karan dawar bara da take tsintowa a bayan gida, hayaƙi ya cika mana ɗaki. Nama ya ɓace daga tukunya, daga baya manja ya bi shi. Da rana kwaɗon zogale, da dare tuwon dawa da miyar kuka tsurarta, yara su ci su kalle ka. Mahaifina yana Shinkafi, tsoho ne mai karantarwa a zaure, kuma babu yadda zan san ya kwana lafiya sai na je tasha na tsare direba na tambaye shi. Wani ya ce ya gan shi a masallaci, wani ya ce bai lura ba. Ranar da aka ce ba a lura ba, abinci ba ya wuce mini.

Ga zafin kaka, wanda ya fi na bazara cin rai a wurina. Ruwa ya ja baya amma bai ɗauke ba, sama ta yi nauyi, hadari ya haɗo da la'asar ya watse babu ko ɗigo. Riga ta manne a baya tun da safe. Sauro kuwa sai ka ce shi aka bar wa garin.

A cikin wannan hali aka ce a buɗe makaranta. Mu kaɗai ke da hanyar magana da duniya, saboda wani farantin tauraron ɗan'adam da ke kan rufin sashenmu, wanda da can ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Amma faranti ba ya aiki sai da wuta, wuta kuma sai janareta, janareta sai man dizal, dizal ɗin kuwa ɗan abin da ya rage a tanki ne tun kafin dokar. Shugaban sashenmu, Injiniya Bello, mutumin Zurmi ne mai ƙarancin magana, ya yanke cewa za a kunna da safe a kashe kafin azahar. Kowace safiya da kansa yake zura sanda a tanki ya duba inda mai ya tsaya. Ba ya faɗa mana abin da ya gani, fuskarsa muke karantawa.

Sirajo ya zo ne a makon farko. Dogo ne, baƙi, ya sa wata shadda da ta yi masa yawa a kafaɗa, daga baya na ji ta mahaifinsa ce. Ya ce daga Banga yake, an ba shi gurbin karatun aikin gona. Komai nasa ya tafi daidai har muka zo kan yatsa. Ya ɗora, ja. Na goge gilashin na ce ya sake, ja. Na ce ya hura masa iska, ya shafa a goshi, duk dabarun da muka sani. A allon kwamfuta, inda ya kamata a ga zanen yatsa zagaye-zagaye, sai wani baƙin tabo kawai.

Na kama hannunsa na juya. Tafin ya yi kanta kamar ƙasan ƙafa, cikin babban yatsan kuwa ya shafe sumul, ga ƙananan tsaga a gefe. Na tambaye shi me ya yi da hannun nan. Ya ce noma. A bazara ya ba da yatsansa wurin jarrabawa, lokacin hannu yana hutu. Da ruwa ya sauka, shi kaɗai ya yi shuka, ya yi firi, ya yi maimai, ya yi huɗa, domin an harbe mahaifinsa a gona a daminar da ta wuce, kuma shi ne babba, sauran duk mata ne. Ya faɗi wannan ba tare da muryarsa ta canja ba, idonsa yana kan jan da na'ura ta nuna.

Na shiga wurin Injiniya na roƙe shi ko akwai wata hanya. Ya ce da akwai waya da ya kira Abuja ya yi bayani, ya kuma tura saƙo ta kwamfuta amma ya san irin amsar da ake samu. Shafin zai rufe Juma'ar mako biyu masu zuwa, wanda bai shiga ba gurbinsa ya tafi, sai ya sake jarrabawa wata shekara. Abu ɗaya ya sani: fata tana dawowa in an bar ta ta huta.

Na fito na gaya wa Sirajo. Na ce ya koma gida ya ajiye hannu, kada ya taɓa ƙotar komai, ya riƙa shafa man kaɗe safe da yamma, ya dawo ranar Alhamis ta ƙarshe.

"Malam, gero ya nuna," ya ce. "Jibi za mu hwara girbi."

Na ce na sani.

"In ni aje hannu, wa ka girbe shi?"

Akwai layi a bayansa, janareta yana cin mai, wani yana ƙwanƙwasa taga. Na maimaita masa ranar, ya sunkuya ya ɗauki takardunsa ya fita. Har na tashi aiki ranar raina a jagule yake, domin na san abin da na ce masa: ya zaɓa tsakanin abincin gidansu na shekara da karatunsa.

Kwanaki suka yi ta tafiya a guje. Muna ɗaukar yatsu, muna gyara imel ɗin da aka manta kalmar sirrinsa, muna korar mutanen gari da suka ji labarin farantin suka riƙa zuwa roƙon a tura musu saƙo ga 'yan'uwansu a Legas ko Makka. Wasu muka tura musu a ɓoye, ba zan yi ƙarya ba. Sai ranar wata Asabar Injiniya ya zaro sandarsa daga tanki, ya dube ta, ya kira mu duka. Ya ce motar man da aka yi alkawari ba za ta zo ba. Abin da ya rage zai kai mu Talata da safe in Allah ya so, daga nan sai mu rufe ƙofa. Aka liƙa sanarwa a bango, waɗanda ke cikin gari suka gani suka yi ta tururuwa. Sirajo yana Banga yana jiran Alhamis, kuma babu waya.

Lahadi na yini a tasha ina neman wanda zai je wajen Banga. Babu. Direbobi suka ce hanyar ba ta da daɗi kwanan nan, an tare mutane a kanta. Da na gaya wa Zainabu zan je da kaina, ta ajiye muciya ta tambaye ni ko ɗana ne. Na ce ba ɗana ba ne, amma ni na ba shi ranar, kuma ranar ta tashi. Da asuba na ga ta ƙulla mini gudajin fura a leda ta sa a aljihun rigata.

Babur ɗina ba mai, sai na ari keken mai gadinmu. Ni ɗan malamai ne, rabona da keke tun ina sakandare, kuma cinyoyina sun tuna mini da haka kafin na bar gari. A shingen ƙarshe sojoji suka duba katin aikina, ɗayansu ya tambaye ni ko akwai wanda ya san inda za ni. Daga nan hanya ta zama tawa ni kaɗai. Dawa ta fi tsayin mutum hagu da dama, ba ka ganin komai sai ɗan tsirin hanyar gabanka. Raɓa ta jiƙa mini ƙafar wando. Duk inda kara ya motsa sai gabana ya faɗi. Sau ɗaya na jiyo ƙarar babura daga nesa, na yi wuf na ja keken cikin dawa na kwanta, ƙasa mai ɗumi a kumatuna, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ƙarar ta yi gabas ta ɓace. Na tashi na kakkaɓe jikina na ci gaba da tafiya.

Da hantsi na isa. Wata tsohuwa a bakin rijiya ta nuna mini gonar su Sirajo, tana dariya, ta ce in dai amarya nake nema tana can gindin gawo. Ban gane ba sai da na je.

Sirajo yana zaune a inuwa, hannunsa na dama a cikin zunguru, doguwar ƙwaryar nan da mata ke zura hannu in sun ƙunsa lalle. An ɗaure bakin zungurun da tsumma a damtsensa, ɗauri mai kyau. Da ya gan ni ya yunƙura zai ɓoye hannun a bayansa, abin ya ƙi ɓoyuwa. A wani lokaci da na yi dariya har na faɗi. Amma na ga idonsa, ya faɗa, kuma ya yi ja. A cikin gona mata huɗu ne a duƙe: uwarsa da ƙannensa uku. An kwantar da kara layi-layi, suna bi suna yanke zangarniya da 'yan wuƙaƙe, ƙaiƙayi ya yi musu fari a wuya da gira.

Uwar ta taso ta gaishe ni. Inna Hure sunanta, gajeriya, ta ɗaure ƙugu da tsohon zane. Har muka rabu ban ji ta ambaci sunan Sirajo ba, kasancewarsa ɗan fari, sai dai "yaron ga". Ta ce a kwanakin farko man kaɗe kawai take shafa masa, sai ta farka wata asuba ta tarar ya sulale gona da magirbi. Ranar ta sauko da zungurun aurenta daga rataye, ta cika shi da mai, ta zura hannun ta ɗaure, ta ce in ya kwance ba da yawunta ba. Samarin gari suka sa masa suna amarya. Ya daina zuwa dandali, masallaci ma sai ya lulluɓa mayafi.

Na gaya musu abin da ya kawo ni, cewa gobe da safe ne ƙarshe. Sai a lokacin na ji nasu labarin. Mutanen daji, 'yan bindigar da suka addabi yankin, sun aiko wa garin cewa daga Laraba za su saki dabbobi cikin gonaki, wanda bai kwashe nasa ba shi ya so. Gayya ba ta yiwuwa, kowa yana fama da tasa gonar. Matan nan sun ci fiye da rabi, amma ɓangaren da ya yi wajen rafi, inda geron ya fi kyau, yana nan tsaye ko kara ɗaya ba a kayar ba.

Sirajo ya matso gaban uwarsa ya durƙusa, zungurun yana bugun ƙasa.

"Inna, ki kwance min yau ɗai. Wallahi kahin magariba in kada shi duka. Karatu shina nan wata shekara."

"Wata shekara ma noma za ka yi, hannun ya koma yadda shi ke," ta ce. "Ubanka nan anka same shi, ga wurin can. Ba ni aza ka inda yat tashi."

"To mi za ku ci in rani ya yi?"

"Abin da munka samu."

Ya kifa kai a gwiwa. Ni kuwa kunya ta kama ni, ƙato da ni ina tsaye. Na tuɓe riga na ɗauki magirbin da ke jingine da gawo na nufi wajen rafi. Ban fi sara goma ba na tuna wani abu, kuma bakina ya riga hankalina, na faɗe shi a fili: na'urar ba ta buɗewa da safe sai ma'aikaci ya ɗora nasa yatsan, kuma gobe ni ke kan aiki, nawa za ta nema. Inna Hure ta biyo ni ta karɓe magirbin daga hannuna ba tare da neman izini ba.

"Kai ma aje, Malam. Zunguru guda gare ni."

Haka muka yini. Abin da ta yarje mana shi ne ɗaukar dami. 'Yan matan su ɗaure, su ɗora mana a ka, mu kai bakin hanya muna tallafe da hannun hagu. Ita ta shiga ɓangaren rafi da magirbin, ita kaɗai. Rana ta take, iska ta tsaya cik, ƙaiƙayi ya shiga mini ko'ina, ina susa ina hawaye. Duk sawun da na dawo sai na hango bayanta yana duƙawa yana tashi a cikin gero. Da azahar muka dama furar Zainabu da ruwan rafi, babu nono, muka zagaya ƙwaryar mu shida, ƙaramar yarinyar ta gasa mana tumu. Na lura Inna Hure ta karɓi ƙwaryar da bayan hannu, ba ta son a ga tafin.

Ba ta gama ba. Da la'asar ta kawo kai, wani maƙwabci da ke kai damunansa Ƙaura a amalanken shanu ya ce in za a tafi yanzu ne, ba zai yarda yamma ta same shi a hanya ba. A lokacin mutane sun daina amincewa da rumbu a ƙauye, gari ake kai hatsi ajiya. Aka loda abin da amalanken zai iya ɗauka, aka ɗora keken a sama, Inna Hure ta bar 'yan matan wurin gwaggonsu. Da muka juya, geron wajen rafi yana nan tsaye, kusan rabinsa, zangarniya manya-manya suna rinjaya. Sirajo ya yi ta waiwaye har dawa ta rufe. Ita ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya.

Suka kwana gidan wanta a cikin gari. Talata tun kafin a kunna janareta suna bakin taga. Injiniya ya zura sanda, ya zaro, ya ce kowa ya yi sauri. Na ɗora yatsana, na'ura ta buɗe, na shigo da su ciki. Inna Hure da kanta ta kwance tsumman. Hannun ya fito fari-fari, ya yi laushi ya tattare, duk ɗakin ya ɗauki ƙamshin man kaɗe. Na goge masa da auduga sosai na ce ya ɗora.

Ja. Amma a allo na ga zane ya fara fitowa, siriri, a tsakiya. Na ce mai ne ya yi yawa, na aika aka kawo ruwa da sabulu, ya wanke, muka jira ya bushe. A waje janareta ya yi tari sau ɗaya, fitilu suka lumshe suka dawo, layin da ke baya ya ɗauki guna-guni. Ya sake ɗorawa, ja. Na dafa wuyan hannun da nawa na ce ya daina dannawa da ƙarfi kamar mai riƙe hauya, ya ajiye shi kawai. Ya ajiye. Ɗan ƙwallon jira da ke kan allo ya yi ta juyawa, saƙo ya tafi sama ya tafi Abuja. Sai ga kore, ga hotonsa, ga sunansa da na mahaifinsa.

Sirajo ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. Inna Hure ta leƙo ta kafaɗata tana kallon allon, inda zanen yatsan ya fito zagaye-zagaye.

"Wanga shi na abin da anka hana mai aiki sabo da shi?" ta tambaya.

Na ce shi ne, Inna.

"Kowa na da irinai?"

Na ce kowa, kuma babu na wanda ya yi kama da na wani. Sai ta goge babban yatsanta a zane ta ce in gwada mata ta ga nata. Ga layi, ga mai yana ƙarewa, amma Injiniya da ke tsaye a ƙofa ya gyaɗa mini kai. Ta ɗora. Sai a lokacin na ga tafin hannun da kyau, duk ya farfashe, wasu wuraren jini ya bushe a cikin tsagar. A allo babu zane ko ɗaya, baƙin tabo ne kawai, ya fi wanda ɗanta ya zo da shi ranar farko duhu.

Ta kalla, ta kalla, ta janye hannunta ta mayar cikin mayafi.

"To," ta ce, "nawa ya bi dami."

Ta sunkuya ta ɗauki zungurunta, ta ce wa yaron ya tashi ya ba mutane wuri. Ba su kai ƙofar makaranta ba janareta ya mutu.

Geron wajen rafi an cinye shi, kamar yadda aka ce. Sirajo ya gaya mini daga baya cewa hatsinsu bai kai su bazara ba, sai da ƙannensa suka yi ta surfe a gidajen mutane. Ya gama karatunsa, yana aikin malamin gona, yakan biyo ya gaishe ni in ya shigo Ƙaura. Yanzu rufinmu cike yake da faifan sola, farantin nan ya yi tsatsa babu mai kallonsa, waya kuma ta dawo har ta ishe mu.

Saurayin jiya na kama hannunsa na juya, na ga kantar. Na tambaye shi daga ina, ya ce Katuru. Na tambaye shi ko sun gama girbi, ya ce saura kaɗan. Na lakato man na shafa masa a yatsan, na ba shi sauran gwangwanin, na rubuta lambar wayarsa. Sannan na tambaye shi wa zai ƙarasa girbin in ya ajiye hannu. Ya sunkuyar da kai, ya ce innarsa tana nan.